Kafin wuƙa

Idan aka ajiye wa Bahaushe nama a ƙasar da ba tasa ba, ko ya ga kwalin daskararrun kaji cikin firigon wani kanti a Yamai, tambaya guda ce ke fara zo masa a baki: wa ya yanka? Tambaya ce mai kyau, ta mutumin da bai yarda ya cusa wa cikinsa abin da bai san asalinsa ba. Sai dai in aka auna ta, za a ga iyakarta ƴan daƙiƙu ne: hannun wa ya riƙe wuƙa, an ambaci sunan Allah ko ba a ambata ba, jini ya zuba ko bai zuba ba. Kazar nan kuwa ta yi kwana wajen arba'in a duniya kafin ta kai ga wuƙa, saniya kuma ta yi shekaru. Game da waɗannan kwanaki da shekaru ba mu saba tambayar kome ba.

Fiye da shekara 70 ke nan masu ɗaukar fim na zahiri, wato fim ɗin da ba wasan kwaikwayo ba ne, abin da ke gudana ne ake ɗauka yadda yake, suna shiga mahauta da gidajen kiwo na Turai da Amurka. Wanda ya kalli fina-finan nan bi da bi zai lura da cewa idon kyamara ya yi ta ja da baya sannu a hankali: ya tashi daga kan wuƙa ya koma kan sarƙar masana'anta, daga nan ya koma keji, har ya tsaya kan rayuwar dabba guda ɗaya tak. A ganina wannan ja da baya shi ne babban abin da fina-finan suka ƙara wa tunanin ɗan Adam game da dabbar da yake ci, kuma ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Farkon tafiyar shi ne gajeren fim ɗin Bafaranshe Georges Franju mai suna Le Sang des bêtes, wato jinin dabbobi, na shekarar 1949, wanda tsawonsa bai wuce minti ashirin da ƴan kai ba. Ya soma da gefen birnin Paris: ƴan gwanjo sun baje kaya, yara na wasa, saurayi da budurwa na hira. Sai kwatsam a shiga mahautar Vaugirard, a jawo farin doki, a ɗora masa wata bindiga mai harba ƙarfe a goshi, ya zube kamar an sare ƙafafunsa. Daga nan a wuce La Villette, inda ake yanka shanu da maruƙa da tumaki. Ana ganin tumaki a jere, an cire kawunansu, ƙafafu na ta shure-shure. Ana jin wani ma'aikaci yana rera waƙa yana wanke jini. Ana ganin dabbar da aka horar domin ta ja ƴan uwanta zuwa wurin yanka, ita kuma a bar ta da rai saboda aikin gobe. Franju bai zagi mahauta ba. Ya nuna su a matsayin masu sana'a, da gwanintarsu da haɗarin da suke ciki.

Turawa da yawa sun kasa kallon fim ɗin har ƙarshe. Yaron Maraɗi ko na Tawa kuwa, wanda ya riƙe ƙafar ragon layya tun yana ɗan shekara bakwai, zai yi mamakin abin da ya firgita su. Dalilin yana cikin tarihin birninsu. Tun 1810 hukuma ta ba da umurnin a gina mahauta na gwamnati a kwashe yanka daga lungunan Paris, a 1867 aka buɗe La Villette, kuma kafin zamanin Franju an yi zuriya bayan zuriya da ke cin nama ba tare da ta taɓa ganin an kayar da dabba ba. Katanga ce Franju ya leƙa musu. Katangar ma daga baya ta ƙara nisa, domin an rufe La Villette a 1974, wurin ya zama lambun shaƙatawa da gidan baje kolin kimiyya, yanka kuma ya koma ƙauyukan da ɗan birni ba ya zuwa.

Kusan shekara 30 bayan Franju, Ba'amurke Frederick Wiseman ya fitar da Meat a 1976, wanda ya ɗauka a wani babban kamfanin nama na jihar Kolorado. A nan mahauci irin wanda muka sani, mai kayarwa ya yanka ya feɗe ya rarraba, ya ɓace. Sa yana rataye jikin sarƙa mai tafiya, mutane na tsaye a jere, kowa da yanka guda da zai yi ta maimaitawa daga safe har yamma. Ɗan ƙasar Ostiriya Nikolaus Geyrhalter ya kai abin matuƙa a 2005 da Unser täglich Brot, wato abincinmu na yau da kullum. Minti wajen casa'in, babu mai sharhi, babu kiɗa, babu hira da kowa. Ƴan tsaki suna kwarara kan bel ɗin inji kamar hatsi a injin niƙa, ana watsa su cikin akwatuna. Wata mota mai baki kamar na injin shara tana tsince manyan kaji daga ƙasa. Wata mata na zaune da almakashin inji tana guntule ƙafafun aladu da ke wucewa gabanta, fuskarta ba fushi ba fara'a. Jefi-jefi sai a nuna ma'aikaci shi kaɗai a lokacin hutu, yana cin burodinsa shiru. Ba a ga wanda ya doki dabba don mugunta ba. Wurin tsaf yake, an wanke shi fes, kuma wannan tsabtar ce ke sa gaban mai kallo ya faɗi.

Ya kamata a san abin da ke bayan hotunan nan. A duniya ana yanka kaji fiye da biliyan 70 kowace shekara, akasarinsu daga irin waɗannan gidaje. Kazar nama ta zamani an tace irinta har ta kai nauyin yanka cikin mako biyar ko shida, tsokar ƙirji na girma da saurin da ƙafafu ba sa iya bi, shi ya sa da yawa suke gurguncewa kafin ranarsu. Dokar Tarayyar Turai ta 2007, wadda don kare kajin aka yi ta, ta yarda a tara har kilo 42 a murabba'in mita guda, wato kaji wajen ashirin. Kazar ƙwai kuwa, a tsohon kejin da Turai ta hana daga 2012 amma ake ci gaba da amfani da shi a ƙasashe da dama, rabonta murabba'in santimita 550 ne. Malamin makaranta ya dubi farar takardar da yake buga jarrabawa a kai, ta fi wannan faɗi. Ƴan tsaki maza na irin kajin ƙwai ba su da amfani ga mai gona, tun da ba sa ƙwai kuma ba sa yin nama da sauri, don haka ranar da aka ƙyanƙyashe su ake niƙe su ko a shaƙe su da iskar gas. Jamus ta hana haka daga 2022, Faransa daga 2023. Tun 1965 wani kwamitin gwamnatin Ingila, wanda aka kafa bayan littafin Ruth Harrison na 1964 ya tayar da ƙura, ya ga dole ya rubuta cewa dabbar kiwo ta cancanci filin da za ta iya tashi tsaye, ta kwanta, ta juya, ta miƙe ƙafafunta. Ranar da sai hukuma ta rubuta irin wannan a takarda, lalle an yi nisa.

Akwai wani reshe na waɗannan fina-finai da ya fi sauran suna, wato na ɓoyayyiyar kyamara, irin su Earthlings na 2005 da Dominion na 2018. A Faransa ƙungiyar L214, wadda ta ɗauko sunanta daga lambar sashen dokar karkara da ya amince cewa dabba halitta ce mai jin zafi, ta fitar da hotunan mahautar garin Alès a watan Oktoba na 2015, magajin gari ya rufe ta nan take. Wasu hotunan suka biyo baya a 2016, har majalisar dokoki ta kafa kwamitin bincike. A Amurka wasu jihohi, irin su Aidaho da Yuta, sun mayar da martani da dokokin hana ɗaukar hoto a asirce a gidajen kiwo, kotuna kuma suka soke su. Wanda ya nemi doka ta tsare masa ƙofa daga ido ya riga ya faɗi abin da yake tsoro. Gani ya kori ji, kuma ba a musun amfanin da waɗannan hotuna suka yi.

Duk da haka ina da ja a kansu. Hoton asiri yakan kama mafi munin daƙiƙa: ma'aikacin da ya fusata ya jefar da ɗan rago, ko ya doki sa a ido. Jama'a su yi ca, a kai ma'aikacin kotu, kamar yadda aka hukunta wani na mahautar Le Vigan a 2017, kowa ya koma gida da zuciya sanyi cewa an kama mugu. Mai ƙaramin albashi ya ɗauki laifi, saurin sarƙar da ya gajiyar da shi yana nan yadda yake. Sa'an nan tara ta'asa kan ta'asa na awa biyu yakan sa mai kallo ya rufe ido, ko ya saba. Ga kuma yadda ake karkatar da irin waɗannan hotuna: a yaƙin neman zaɓen Faransa na 2012, wani rahoton talabijin kan mahauta ya rikiɗe ya zama makamin sukar yankan Musulmi, aka manta da dabbar gaba ɗaya. Duk wannan ya faru ne saboda ido ya sake komawa kan wuƙa.

Fim ɗin da na fi so malamai da ƙungiyoyinmu su nema shi ne Cow na Baturiyar Ingila Andrea Arnold, wanda aka fara nunawa a bikin Cannes na 2021. Ta yi shekara wajen huɗu tana bin saniyar tatsa guda ɗaya mai suna Luma a wata gona ta yankin Kent. Kyamara na daidai tsayin idon saniyar, mutane kuwa sai dai a ga hannuwansu da takalmansu, a ji muryoyinsu sama-sama. Fim ɗin ya buɗe da haihuwa. An jawo maraƙa da igiya, uwa ta lashe ta, ta shinshina ta, ba a jima ba aka raba su. Luma ta tsaya ta dubi kyamara ta yi kuka, ta sake yi, ta sake yi, Arnold kuma ta ƙi yanke hoton. Maraƙar aka kai ta ɗan akurkinta, aka ba ta madara ta bakin roba, aka maƙala mata lamba a kunne, aka ƙone tushen ƙahonta da ƙarfe mai zafi. Uwar ta koma layin injin tatsa, rediyo na ta waƙoƙin soyayya. Aka sake kai ta ga bijimi, ta sake haihuwa, aka sake rabawa. Da bazararsu ta zo aka buɗe musu makiyaya, sai ga manyan shanu suna tsalle kamar maruƙa. Shekaru suka wuce, hantsarta ta yi nauyi har tana hana ta tafiya. Wata safiya wani mutum ya ja ta gefe, ya ajiye mata bokitin abinci, tana ci ya harbe ta a goshi. Yankin mutuwa bai kai minti guda ba cikin fim na awa ɗaya da rabi.

Abin lura shi ne gonar ba ta mugaye ba ce. Ma'aikatan suna yi wa Luma magana da taushi, likitan dabbobi na zuwa, abinci bai yanke ba, mutuwarta ma ta fi ta dabbobi da yawa sauƙi. Da za a tambayi wa ya yanka da yadda aka yanka kaɗai, da sai a ce ban da bambancin addini babu abin zargi. Nauyin yana cikin tsarin ne: saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, nonon kuma an riga an sayar da shi, saboda haka ɗan da aka yi nonon dominsa ya zama cikas. Saniyar da za ta iya kai shekara ashirin, a irin wannan kiwo da wuya ta wuce shida.

Duk wanda ya taɓa kwana a ruga zai kalli wannan da wani ido dabam. Shanunmu masu tozo, Azawak ne ko jajayen Bororo ko Bokolo, galibi ba sa sakin nono sai ɗansu na kusa. Shi ya sa ake ɗaure maruƙa a dangwali, da safe a kwance ɗaya ya fara tsotsa, sa'an nan a janye shi a tatsa, a bar masa saura. Halittar saniyar ce ta tilasta wa mai ita ya yi sulhu da ita. Makiyayi ya san kowace da sunanta da na uwarta da na kakarta, ya san mai faɗa da mai tsoro, ba banza ba ake ce mata nagge daɗi goma. To amma kada daɗin baki ya ɗebe mu. Ƙwarya guda ce ɗan mutum da ɗan saniya ke rabawa, in rani ya tsananta ko nono ya yi kuɗi a kasuwa, an san wanda ake ƙwara. In maraƙi ya mutu, akwai makiyayan da ke cusa ciyawa cikin fatarsa su ajiye gaban uwar don ta shinshina ta saki nono. Wannan dabara shaida ce cewa sun san ƙaunar uwa sarai, kuma shaida ce cewa sun san yadda ake cin moriyarta.

A nan ne tambayar ta zama ta falsafa. Tsohuwa ce ƙwarai. A ƙarni na 10, malaman Basra da ake kira Ikhwanus Safa sun rubuta wata risala inda dabbobi suka kai ƙarar ɗan Adam gaban sarkin aljannu: jaki da alfadari da sa da rago kowa ya tashi ya faɗi abin da ake yi masa na duka da kaya da raba shi da ƴaƴansa, mutane kuma suka kawo hujjojinsu na fifiko, dabbobi na rushe su ɗaya bayan ɗaya. Hukuncin ƙarshe bai ƙwace wa mutum matsayinsa ba, amma mai karatu ba ya fita daga shari'ar da girman kan da ya shiga da shi. A 1789 Baturen Ingila Jeremy Bentham ya kawo ra'ayin cewa ma'aunin da ya dace a duba game da dabba shi ne ko tana jin wahala, maganar hankali da iya magana a ajiye ta gefe. Peter Singer ya ɗora a kan wannan a 1975, kuma daga gare shi ne yawancin masu ɓoyayyiyar kyamara suka samo matsayinsu, cewa mafita ita ce a bar cin nama, wasunsu ma suka haɗa da nono da ƙwai. Malaman Basra sai da suka ara wa dabbobi harshe kafin a saurare su. Arnold ba ta ara wa Luma kalma ko ɗaya ba, lokaci kawai ta ba ta, kuma ya isa.

Ban bi su Singer har ƙarshen hanyarsu ba. Tun 1961 dokar ƙasarmu ta ja iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta ƙasar kiwo ce, inda ciyawa ba ta zama abincin mutum sai ta bi ta cikin tumbin dabba. A ce wa mutumin Abalak ko na Tasara ya bar nono da nama daidai yake da a ce masa ya bar ƙasarsa. Kuma dabbar gida ba ta da wani dajin da za ta koma. Dubban shekaru na zama tare sun sa ita da mutum kowa ya dogara da ɗan uwansa. Abin da na ɗauka daga fina-finan shi ne cewa izinin yanka izini ne na abu guda, bai haɗa da duk abin da ya gabace shi ba. Wanda ya mallaki numfashin wata halitta daga haihuwarta zuwa mutuwarta, ya zaɓa mata abin da za ta ci da inda za ta kwanta da ranar da za ta rabu da ɗanta, ya ɗauki amana, kuma girman amanar daidai yake da girman ikon. Hausawa na cewa sabo da kaza ba ya hana yanka ta. Akan kawo karin maganar ne don a nuna yankan, amma a duba da kyau, sabon ne ya zo farko: kazar ta yi yawo a tsakar gida, ta yi tono, ta yi birgima cikin toka, ta ja ƴan tsakinta, mai ita ya san ta. Masana'anta ta riƙe rabin ƙarshe na karin maganar ta jefar da rabin farko.

Addinin da yawancinmu ke bi ma bai tsaya kan wuƙa kaɗai ba. Kowane almajiri ya ji umurnin a wasa wuƙa a hutar da abin yanka, da hanin wasa ta a gaban dabbar, ya kuma ji labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare. Labarin kyanwar nan ba yanka a cikinsa ko kaɗan, magana ce ta tsarewa da yunwa, wato ta yadda aka bar dabba ta rayu. Mu ne muka taƙaita faɗin wannan koyarwa muka mai da ita tambaya guda da ake yi wa mai sayar da nama.

Sai dai akwai wani sabon kuma, wanda aka ce turken wawa ne. Baturen Paris katanga ce ta hana shi gani. Mu babu katanga, amma ido ya saba har ya daina kai wa zuciya rahoto. Kaji goma sha an ɗaure ƙafafunsu an rataya a babur, kai ƙasa, daga ƙauye har kasuwa cikin zafin watan Afrilu. Rago a ɗaure tamau bisa rufin mota tare da buhuna. Sa da ya gaji ya durƙusa, a murɗe masa wutsiya har ta karye don ya tashi. Jaki da gyambo a ƙarƙashin kaya, ana dukan gyambon saboda nan ne ya fi ji. Ran salla a kayar da rago na biyu yana kallon na farko yana shure-shure. Akuyar birni da ke kiwo a juji, wadda in an yanka ta mahauci ke ciro dunƙulen leda daga tumbinta, ko da yake tun 2014 aka yi dokar hana irin wannan leda. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ke ɓoye. Da wani zai ɗauke su da kyamara, ya tsaya kan kowanne minti biyar ba yankewa, ya haska mana a farfajiyar gidan al'adu, da mun ji abin da mutanen Paris suka ji a 1949.

Na san abin da za a ce, kuma magana ce mai nauyi: ƙasar da yara ke fama da tamowa, wadda ba ta manta da 2005 ba, ina ta ga zarafin tausayin kaza? Ƙwai mai araha a cikin kwanon yaro ya fi faɗin keji muhimmanci. Na yarda cewa in aka ce a zaɓa tsakanin yaro da kaza, babu zaɓi. Amma sau nawa zaɓin yake haka a zahiri? Kwando maimakon igiya, ruwa kafin a hau mota, buhu a rufe gyambon jaki, a ja rago bayan zana kafin a kayar da ɗan uwansa, ba ɗaya da ke cire loma daga bakin yaro. Yawancinsu ma riba ne, domin dabbar da ta iso kasuwa da rauni ta rage kuɗi, fatar da bulala ta tsaga ta rage daraja, kuma masu jar akuyar Maraɗi sun fi kowa sanin abin da fata ke kawowa. Inda zaɓin ke da wuya da gaske shi ne gidajen kaji na zamani da ke ƙaruwa a gefen biranenmu. A nan faɗin fili kuɗi ne, kuma mai saye ne zai biya. Abin da nake cewa kawai shi ne a yi lissafin ido buɗe. Turai ta gina kejin, ta yi shekaru tana gardama, ta kashe dukiya ta rushe shi. Mu da muke farkon ginin muna da damar da ba ta samu ba, ta sanin ƙarshen hanyar tun kafin mu kama ta. Kiwo a ƙasa cikin ɗaki mai iska, da ƙaiƙayi a shimfiɗe da sandar hawa, yana ba da ƙwai shi ma.

Kada kuma a ɗauka Luma da ƴan tsakin Geyrhalter labarin wata duniya ne. Garin madarar da mai shayi ke zubawa a kofi, wanda ake dama kindirmon leda da shi a birane, daga irin waɗancan shanu yake fitowa, kuma tun da Turai ta soke ƙayyade yawan madarar da manomanta za su tatsa a 2015, rarar ta ƙara kwararowa Afirka ta Yamma, sau da yawa an cire man shanun an sa man ja a madadinsa. Daskararrun kajin da aka yi shekaru ana saukewa a tashar Kwatano daga Turai da Barazil, su ne waɗanda suka yi mako shida a kan murabba'in mita. A jikin kwalin akan buga hatimin halal, mu karanta mu natsu. Hatimin ya amsa tambayar da muka yi masa, ba wadda ba mu yi ba. Wannan araha kuwa sau biyu ake biyan ta: dabbar can ta biya da jikinta, Bafulatanar nan ta biya da ƙwaryar nononta da ta rasa mai saye.

Kyamara ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Jean Rouch ya ɗauki farautar dorina a kogin Kwara a farkon shekarun 1950, ya fitar da fim ɗin farautar zaki da baka a 1965. Werner Herzog ya fitar da fim kan Woɗaaɓe a 1989, amma kwalliyar samari ce ta ɗauke masa ido, shanun suka zama bango. Cikin ƴan ƙasa, Sani Magori ya yi wa albasar Galmi fim a 2008, Aicha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta tsaya har mutanen suka buɗe mata zuciya, fim ɗinta ya fito a 2021. Haƙurin da irin wannan aiki ke bukata akwai shi a hannunsu da na ɗalibansu. Labarin da ke jiransu shi ne na sa guda ɗaya, daga ranar da aka ware shi daga garke a arewacin Dakwaro, zuwa kara inda dillali zai buɗe masa baki ya duba haƙora, zuwa tirelar da ta daɗe tana kai shanunmu Legas, tafiyar da ta haura kilomita dubu. A cikin motar ana ɗaure ƙahoni a jikin katako don kada su soki juna, yaran mota na zaune a sama suna lura da wanda ya faɗi, domin wanda ya faɗi ƴan uwansa ne za su tattake shi. Mai ɗaukar hoton sai ya sauko daga inda yaran suke, ya durƙusa tsakanin ƙafafun shanun, ya zauna nan har a isa.